Wayar da Inna Ke Jira Kafin Ta Ci Abinci

Dandamisa, ta Makarfi,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ƙanena, Malam Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khairunnisa da ɗanku Zakiyyu. Ya Fatakwal, ya ruwan garin nan naku da ba ya gajiya da zuba, ya kuma ɗaliban makarantarka? Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin zama da jama'a, ya tsare ku da tsarewarsa. Mu nan alhamdu lillahi. An fara karyar masara, bana ta yi kyau, dawa ma ta fitar da kai. Maigidana, Baban Suhaib, yana gona tun safe har la'asar, rana ta mai da shi baƙi ƙirin. Gwaggo Huseina ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa gidajen suna, bakinta kuwa ka san dama bai taɓa ciwo ba. Inna tana nan, kuma maganarta ce ta sa na zauna rubutu.

Na san za ka yi dariya ka ce Yaya Uwaliya ta koma zamanin da, ana ga waya tana aiko takarda. Alhaji Ikrima direba zai taso da lodin masara gobe bayan Juma'a, shi zan ba ya kawo maka hannu da hannu. Dalili biyu ne. Na farko, wayata yanzu ba na taɓa ta sai sau biyu a rana, da safe da kuma yamma, daga nan sai in kashe ta in naɗe a tsumma in sa a ƙasan akwati. Na biyu, abin da zan gaya maka in da baki ne ba zan kai ƙarshe ba, kuka zai tare ni, kai kuma ka katse ni da nasiha kamar yadda ka saba.

A watan jiya ka ce ka gaji da kirana kana jin waya a kashe, za ka saya mini sabuwa. Ka ba ni zaɓi, ko sabuwar fitowa ta kamfanin da ya yi tawa, ko in sauya gaba ɗaya in koma irin taka. Ka yi ta yabon taka, wai batirinta na kwana biyu, hotonta tar, sifikarta kuwa ko numfashin mutum ba ta ɓoyewa. Tawa kuma ka ce ta zama gawa, jana'iza kawai take jira. Na gode, Allah ya saka da alheri, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Shekararta shida a hannuna. Batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, da roba na ɗaure ta. Ba ta karɓar caji sai an karkata igiyar an danne ta da dutsen guga. In ta yi minti biyar a kunne sai ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Duk da haka ina roƙonka kada ka sayi komai tukuna, sai ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Ka san halin Inna da abincin Baba Malam. Shekara hamsin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa kai loma bakinta ba sai langarsa ta dawo daga zaure. Muna yara mukan ci namu mu ƙoshi, ita tana zaune da nata a rufe, ko da baƙi sun riƙe shi da tambayoyin karatu har rana ta take. Shi ma ya sani. Shi ya sa da aka kwantar da shi asibiti a Zariya, sati ukun nan na ƙarshe, kullum safe da yamma sai ya sa Baban Suhaib ya ɗauki muryarsa ya turo wayata. Ba dogon zance ba ne. Zai kira ta da sunan nan da yake kiranta, Ta Likoro, ya tambaye ta kwana, ya ce shi ya ci nasa, ita ma ta ci ta sha maganinta, kada ta ba yara wahala, yana nan tafe in an sallame shi. Ni kuma in kunna mata, ta amsa masa kamar yana jinta, sannan ta buɗe kwano. Da ya rasu ban goge ko ɗaya ba.

Kai ka koma bayan addu'ar arba'in, lokacin Inna tana cikin hankalinta, sai ɗan mantuwa irin ta tsufa. Bayan ta fita takaba ne abin ya sauya, kuma na ɓoye maka, wannan laifina ne na amsa. Wata safiya ta zuba koko da ƙosai a langar Malam ta ce in kai zaure. Na ɗauka suɓutar hannu ce, na ce mata cikin lallashi ai Malam Allah ya yi masa rasuwa. Zainu, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ta dube ni kamar ranar ce farkon jinta, ta tambaye ni yaushe, ta tambaye ni wa ya yi masa wanka, me ya sa ba a tashe ta ba. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ranar ko ruwa da ƙyar ta sha. Bayan kwana huɗu ta sake zuba abinci a langar, na sake gaya mata, aka sake sabon makoki. A karo na uku jininta ya hau ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, sai da muka kwana biyu a asibitin Makarfi ana yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ja mini kunne cewa mai ciwon suga da hawan jini a shekarunta ba ta wasa da lokacin abinci, kuma maganin ba a sha sai da abu a ciki.

Da muka dawo gida ta sake tambayar Malam, sai bakina ya ƙi. Na ce yana Zariya. Ta ce to ya ci abinci? Na shiga ɗaki, na kunna ƙarar kiran wayar, na bar ta ta yi kuka sau biyu, sannan na fito da ita na danna tsohon saƙonsa na miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu, ta gaishe shi, ta ce to Malam, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta miƙo mini wayar ta jawo kwanonta ta cinye tas. Yau wata takwas ke nan kullum haka nake yi, safe da yamma. Na rana ba ya ba ni wahala, don takan ce ai Malam ba ya son a dame shi da rana, sai ta ɗan taɓa fura. Duk wannan ƙibar da ka ce ka ga ta yi a hoton Sallah, daga nan ta fito.

Yanzu na san abin da ke bakinka, don na goya ka na san kanka. Za ka ce ai abu ne mai sauƙi, a tura saƙonnin cikin sabuwar waya a ci gaba. Kai ba ka fi ni wayo ba, Malam Zainu, na riga ka tunanin. Tun cikin azumi na tura su duka sabuwar wayar Baban Suhaib, wadda ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Wata safiya tawa ba ta ɗauki caji ba, sai na kunna mata a tasa ban ko tsaya na saurara ba tukuna. Wannan shi ne kuskuren da har yau nake nadamarsa. Ashe sifikar tsohuwar wayata ta fashe tun da daɗewa, shuuu take yi, kalmomin kawai ke fitowa, sauran duk ya nutse a cikin shuuu ɗin. A wayar Baban Suhaib komai ya fito fili. Ana jin yadda Baba yake jan numfashi da ƙyar tsakanin kalma da kalma, ƙirjinsa na ƙara. Ana jin wata na'ura tana ƙit ƙit a gefensa, can nesa kuma wata mata tana salati tana kuka. Ni kaina da na kunna saƙon nan fiye da sau ɗari ban taɓa sanin haka yake ba. Muryar mutumin da ke bakin tafiya ce, ko yaro ya ji ya sani.

Idon Inna ya yi rauni amma kunnenta garau yake. Ta ajiye wayar a hankali, ta ce Malam yana jin jiki, an ɓoye mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abincin ba. Na juya in sauke tukunya, na ɗauka ta zaga bayan gida. Da na ga shiru na leƙa, ba ta nan, mayafinta ma ba ya kan ƙofa. Na fita ko ɗankwali ban gyara ba ina tambayar duk wanda na gani. A bakin titi muka same ta, tafiyar da ni mai lafiya sai na yi kusan rabin awa, takalmi ƙafa ɗaya, tana ɗaga wa manyan motoci hannu wai su kai ta Zariya. Wata mai tuyar ƙosai ce ta gane ta ta riƙe mata zane, in ba don ita ba da ta shiga tsakiyar kwalta. Har yau in na ji babbar mota ta taka birki sai gabana ya faɗi.

Ka ga inda matsalar take. Abin da kake yabo a wayarka shi nake tsoro. Na je Makarfi wurin Gilbert mai gyaran waya, wanda shagonsa ke kusa da masu rake, mutumin kudancin Kaduna ne amma ya fi shekara ashirin a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na zauna na gaya masa komai ban rage ba, ya ce shi ma kakarsa haka ta yi kafin ta rasu, kullum tana ajiye wa mijinta ruwan wanka. Ya ce maganar ƙarar kira ba komai ba ce, zai iya sa ta tsohuwar a kowace waya. Amma sifika, ko ta kamfanina ko ta naka, sababbin duk tas suke fitar da murya, har masu arha. Na ce to ya lalata mini sifikar sabuwar in an saya. Ya yi dariya ya ce tunda ya fara sana'a ba a taɓa kawo masa sabuwar waya a ce ya ɓata ta ba, kuma ko ya huda ta da allura ba shi da tabbacin za ta ɓaci daidai yadda nake so. Ya gwada manna salatif a bakin wata sifika, muryar ta dushe amma numfashin na nan. Ya gwada yanke numfashin daga cikin saƙon, sai ya tarar a cikin kalmomin kansu yake, in ka cire shi ka cire maganar. Baban Suhaib har Kano ya je neman irin tawa ta hannu, ya samo ɗaya, ita kuma sifikarta lafiya lau, don haka ba ta yi mana amfanin komai ba.

Game da tawa, Gilbert bai ɓoye mini ba. Ya ce batir kam zai iya nemo wani, amma injin cikin ne ya gaji, ruwa ya taɓa shiga ya ci shi. Ya kuma ce in daina kwana da ita kusa da kaina, batirin da ya kumbura haka yana iya kamawa da wuta. To ina zan kai ta? In na bar ta a ɗaki ina tsoron gobara, in na fitar da ita ina tsoron raɓa da ɓarawo. Kullum da asuba kafin in danna maɓallin sai na yi bisimilla na karanta duk abin da na haddace, in ga ko fuskarta za ta kawo haske. Daƙiƙun nan da take yi kafin ta kunnu su ne mafi tsawo a ranata. Tsoro nake ji, Zainu, tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da Baba ya rasu, don ranar abin ya riga ya faru, wannan kuwa kullum jiransa nake.

Shekaranjiya Talata abin da nake gudu ya zo. Na danna, na sake dannawa, baƙi ƙirin. Baban Suhaib ya fasa zuwa gona ya hau mashin ya kai wa Gilbert, ya dawo wajen sha ɗaya hannu wofi, wai a koma da la'asar. Inna tana zaune kan tabarma a inuwar ɗakinta, kwano a rufe a gabanta. Na ce mata Malam ya aiko a ce ya ci, ta ce Malam ba ya aike a kan wannan, da bakinsa yake faɗa. Gwaggo Huseina ta zo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi, a banza. Kafin azahar hannunta ya fara karkarwa, gumi na tsattsafo mata a goshi, in na kai mata cokali sai ta kau da kai ta ce in ji tsoron Allah, mutum yana kwance asibiti da yunwa ita ta ci. Na zauna kusa da ita ina kallon ƙofa, ina lissafin ko in sa a ɗauke ta da ƙarfi a kai asibiti.

Ana cikin haka saƙonka ya shigo wayar Baban Suhaib, wanda kake cewa in yi sauri in zaɓa don mai shagon ya ce kaya za su ƙare. Yana zaune bakin turmi ya kunna, bai kawo komai a ransa ba. Kana yin sallama Inna ta ɗago kai. Ta ce a miƙo mata. Ta kara a kunne, fuskarta ta washe, ta dube ni ta ce alhamdu lillahi Malam ya warke, ji muryarsa ta dawo kamar lokacin da yake tafsiri a masallacin Juma'a. Ni ban taɓa lura ba sai ranar. Kullum ina jinka a matsayin Zainu ƙanena mai surutu, amma da na rufe ido na saurara, wallahi shi ne, har yadda kake jan sallama da ɗan gyaran muryar nan kafin ka shiga magana. Minti biyu kana bayanin kyamara da batir, ita kuwa hannunta na kan murfin kwano tana jira. Da saƙon ya ƙare ta tambaye ni ko ya ce ya ci. Na ce ya ce. Ta ce ita ba ta ji ba, a maimaita. Sau uku muka maimaita, sau uku tana sauraro har ƙarshe, sannan ta janye hannunta daga murfin. Ba ta ci komai ba sai bayan la'asar da aka dawo da tsohuwar wayar tana numfashi sama-sama. Gilbert ya ce a gaya mini wannan karon Allah ne ya taimaka, kada in sa rai zai iya tashe ta in ta sake mutuwa.

To ka ji abin da ya sa na kasa ba ka amsa tun watan jiya. Ba ruwana da wane kamfani ne, ni ko wadda ake latsawa ka ba ni ta ishe ni. Abin da nake roƙo ya fi waya nauyi, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Ina so ka sami wuri shiru, ka ɗauki muryarka, saƙo biyu, na safe da na yamma. Ka kira ta Ta Likoro, ka tambaye ta kwana, ka ce ka ci naka, ita ma ta ci ta sha magani. Kada ka ce kana tafe, wannan kalmar takan sa ta yini tana kallon ƙofa. In muna da wannan, lafiyayyar murya ba numfashi ba kukan asibiti, kowace waya ka aiko za ta yi, taka ko tawa.

Na san abin da nake nema. Ina neman ɗa ya kira mahaifiyarsa da sunan da mijinta kaɗai ke kiranta, ya yi mata ƙarya da muryar mamaci. Gwaggo Huseina ta ce abin da nake yi ma yanzu yaudarar uwa ne, kuma zan tsaya gaban Allah in yi bayani, ko da yake ranar Talata ita ce ta fi kowa leƙa ƙofa tana tambayar ko an dawo da wayar. Ni karatuna bai yi nisa ba, kai Baba ya zaunar ya ba littattafai, kai ka san hukunci. In akwai zunubi ina roƙon Allah ya ɗora mini shi ni kaɗai, ni na fara, ni na roƙe ka. Ba na barci da daɗi a kan wannan, kada ka ɗauka na mai da shi wasa.

Ka gaishe mini da Khairunnisa da kyau, ka ce mata kuka da daddawar da ke cikin ƙullin nan nata ne, kada ka raba wa abokanka. Ka shafa mini kan Zakiyyu, Allah ya raya shi ya sa ya gaji kakansa. Baban Suhaib yana gaishe ka, Suhaib da ƙannensa suna gaida Kawu, Gwaggo Huseina ta ce a gaya maka ta ga alama sai ta mutu za ka zo. Almajiran Baba na da, waɗanda suka zama magidanta, kullum in mun haɗu sai sun tambaye ka. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna lafiya, ya sa mu gama da ita lafiya.

Kada ka jira Alhaji Ikrima ya juyo, ka ba ni amsa ta wayar Baban Suhaib ranar da ka karanta, don ban san safiya nawa ta rage wa tawa ba. In ka duba ka ga ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Amma in haka ne kada ka aiko waya kowace iri. Ka hau mota ka zo da kanka, ka zauna a gabanta ka gaya mata Malam ya rasu. Ni na gaya mata sau uku, na ga fuskarta sau uku, ba zan iya na huɗu ba.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka,
Uwaliya Muhammadu Auwalu.